Tambaya da Amsa: Tun da aka hukunta wadda ta faɗi kuskurenta, kowa ya kama bakinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni ke kula da ɗakin kwanciya na mata a reshen Sakkwato na wani babban kamfanin asibitoci mai rassa a jihohi da dama. Tun da aka turo mana sabon manaja daga hedikwata aka rage masu aikin dare, har ta kai mutum ɗaya ke riƙe da gadaje sama da 20. A watan jiya wata ƙaramar ma'aikaciya ta ba wata majinyaciya maganin wata, saboda sunansu ɗaya har da na mahaifi. Allah Ya kiyaye, babu abin da ya sami matar, kuma yarinyar da kanta ta zo ta faɗa mini. Da na kai rahoto, manaja ya ci mata mutunci a gaban jama'a, ya ba ta takardar tuhuma, ya kuma yanke mata albashi. Yanzu kowa ya yi shiru, ni kuma ana kallona a matsayin wadda ta kai ƙara. Shin in riƙa rufe irin wannan a tsakaninmu, ko kuwa in ajiye aikin?

Daga wata mai karatu, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki rufe, kuma kada ki yi saurin ajiye aiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne shirun da ya biyo baya, domin kuskure bai daina faruwa a ɗakinku ba, labarinsa ne kawai ya daina zuwa gare ki. Wannan karon matar ta tsira saboda an faɗa da wuri, amma ranar da aka ba mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu maganin da ba nata ba, sannan tsoro ya hana a yi magana, likita zai yi ta neman dalilin taɓarɓarewar jikinta a inda babu shi.

Masana sun daɗe da gane cewa yawancin kurakuran asibiti daga tsarin aiki suke fitowa. A shekarar 1999 wata cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sanadiyyar kurakuran da za a iya kauce musu, kuma babbar shawarar rahoton ita ce a gyara tsari maimakon farautar mai laifi. A 2002 kuma binciken da masaniyar aikin jinya Linda Aiken ta jagoranta a asibitocin jihar Pensilbaniya ta Amurka ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kusan kashi 7 cikin ɗari a cikin kwana 30. To, ina ga mai riƙe da gadaje 20 ita kaɗai, a daren watan Afrilu na Sakkwato bayan rana ta wuni sama da digiri 40, ga masu jinya suna kiranta ta kowace kusurwa?

Batun suna kuwa namu ne na gida. A ƙasar da ɗaki ɗaya zai iya tara A'isha uku da Hauwa'u biyu, dogaro da suna kaɗai ganganci ne, shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ita ce a tantance majinyaci da alamomi biyu aƙalla, kamar suna da lambar kati, ban da lambar gado, tun da ana sauya wa mutane gado. Wannan gyara yana hannunki, ba ya buƙatar izinin kowa. Ki sa a riƙa yi wa katunan masu suna iri ɗaya jan alama, a kuma ambace su da baki a lokacin miƙa aiki.

Sai kuma manaja. Mutanenmu sun taso da kunya da girmama na gaba, kuma ɗabi'a ce mai kyau, amma a asibiti tana iya zama sanadin asarar rai idan ta hana ƙarami cewa babba ya tsaya. Ina zaton shi ma ana matsa masa daga sama da lissafin kuɗin shiga da na albashi, saboda haka ki same shi shi kaɗai, cikin ladabi, da harshen da hedikwata ke ji. Ki rubuta yawan gadaje da yawan ma'aikata na kowane dare na tsawon wata guda, da lokutan da magani ya makara, ki miƙa masa a rubuce tare da kwafi ga shugabar ma'aikatan jinya da babban likitan asibitin, ki kuma ajiye naki kwafin. Magana ta baki iska ke ɗauke ta, amma takarda mai kwanan wata tana ɗora alhaki a wuyan wanda ya karɓe ta.

Game da albashin da aka yanke, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai kamfani cire kuɗi daga albashi da sunan tara yadda ya ga dama. Sai dai dokar ta ware wasu ƙwararru da masu aikin gudanarwa daga waɗanda take karewa, don haka abin da za a fara dubawa shi ne takardar ɗaukar yarinyar aiki da littafin ƙa'idojin kamfani, a ga ko sun ba manaja wannan iko, da kuma ko an saurari bayaninta kafin hukunci. Ki ba yarinyar shawara ta amsa takardar tuhumar a rubuce, ta faɗi gaskiya, ta ambaci yawan gadajen da take riƙe da su a daren. Idan abin ya ƙi, akwai ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NANNM, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un aiki.

Kafin duk wannan, ki tara ma'aikatan ɗakinki, ki gode wa yarinyar a gabansu, tun da a gaban jama'a aka kunyata ta, ki kuma shaida musu cewa daga yau duk rahoton da zai fita daga ɗakin zai ɗauki sa hannunki tare da bayanin halin da aka yi aikin a ciki. Idan kin bi waɗannan matakai wata biyu ko uku aka ci gaba da barin mutum ɗaya a kan gadaje 20, to sannan ki fara neman wani wuri, domin lasisinki da sunanki yake a wurin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, kuma ke za ta kira idan wani abu ya faru a ɗakin.