Dusar katako ko tattaka: shimfiɗar goɗiya mai ciki

Jiya da daddare, bayan mun gama ba dawaki ruwa, ka tare ni a ƙofar barga ka ce, "Baba, ga dusar katako ana ba mu kusan kyauta, kuɗin mota kawai muke biya. Me ya sa ka hana a zuba wa goɗiyar nan mai ciki, ka ce sai an jira tattaka daga Arewa?" Na ce ka bari sai da safe, don gajiya ta ci ni. To ga amsarka, ɗana, kuma ka buɗe kunne.

A gida, can Arewa, ba mu san wannan wahala ba. Doki yana turke a kan yashi, da safe a kwashe kashi, a juya yashin da cebur, kafin azahar rana ta gama aikinta. Nan Legas kuwa daɓen siminti ne, kuma daga Afrilu har Oktoba sama ba ta da alƙawari. Kai ma ka ga yadda rigarka take kwana biyu a kan igiya a watan Yuni ba ta bushe ba. Babban doki irin waɗanda ake kawowa daga Ajantina don wasan folo yana zubar da kashi wajen kilo 14 a rana, fitsari wajen lita 9. Duk wannan a ɗaki ɗaya, ba rana, ba iskar hunturu. Abin da ka shimfiɗa shi ne zai yi aikin da rana take yi a gida. Mutanenmu sun daɗe suna riƙe dawaki a Ikoyi, kulob ɗin folo na can tun 1904 yake, kuma kowanne da ya zo daga Arewa sai da ya sake koyon wannan darasi.

Kada ma ka kawo mini maganar yashi. Yashin garin nan yawanci daga lagun ake haƙo shi, da ɗanɗanon gishiri a jikinsa. Doki ya yi ta lasa, ya taru masa a hanji, sai ka tashi tsakar dare ka tarar yana birgima da ciwon ciki.

Abu na farko da nake so ka raba a kanka: dusar katako daban, sassaƙe daban. Dusa ita ce garin da zarto yake zubarwa lokacin da ake tsaga gungume. Idan ka taɓa bi ta gadar Third Mainland a shekarun baya ka leƙa ɓangaren masu tsaga katako na Oko Baba a Ebute Metta, ka san inda gumagumai suke kwana: cikin ruwa. Itacen da aka tsamo daga ruwa aka tsaga, dusarsa jiƙaƙƙiya ce tun daga gindin inji. Sassaƙe kuwa shi ne wanda injin gyaran fuskar katako yake fitarwa, faffaɗa, a nannaɗe, daga katakon da ya riga ya sha iska. Shi nake saya wa sauran dawaki, kuma ban da ƙorafi a kansa: yana shan fitsari, kashi yana fita daga cikinsa da sauƙi, doki ba ya cinsa.

Amma ko shi ba a saye da ido daga nesa. Ka kwance bakin buhu ka cusa hannu har gwiwar hannu. In ka ji ɗumi a ciki, ya fara ruɓa, bar musu kayansu. Ka damƙo ka matse. In ya dunƙule ya ƙi warwarewa, da ruwa a jikinsa. Ka watsa kaɗan sama ta inda hasken rana yake ratsawa, ka ga yawan ƙurar da za ta tsaya a iska, don ita dokinka zai kwana yana shaƙa. Sannan launi. Ni fari nake nema, na malaina ko na arere. In na ga ja mai duhu ko ruwan ƙasa, sai na tambayi mai injin wane itace ya yi aiki da shi yau. Iroko da wanda Yarbawa ke kira ofun, kafintocin da kansu ƙurarsu tana sa su atishawa da ƙaiƙayin jiki, na ofun har haɓo takan jawo. Mutumin da ke tsaye kenan, balle dabbar da take sa hancinta a ciki. A Amurka akwai wani baƙin itace, walnot, wanda ko kashi 20 cikin 100 na shimfiɗa ya zama nasa, cikin kwana ɗaya ko biyu kofaton doki ya ɗau zafi daga ciki, ya kasa takawa. Shi ya sa itacen da mai inji ya kasa gaya mini sunansa ba ya shiga bargata.

Sharar shagon masu kujeru da gadaje ita ce ta fi kowacce yaudara, don a bushe take, kuma roƙonka suke ka kwashe. A cikinta akwai garin filawud mai gam, akwai fenti, akwai katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai. Akwai ƙusa. Ina matashi kamarka na taɓa kwaso buhu shida daga wani shago, ina ta murna na rage wa maigida kashe kuɗi. Kwana uku, wani akawal da nake riƙo ya wayi gari yana ɗingishi. Na ɗaga ƙafar, sai ga 'yar ƙusa ta shige ta gefen tsokar tsakiyar kofato, kanta kawai ake gani. Sai da aka kira likita, aka yi allurar tetanas, na yi sati uku ina jiƙa ƙafar nan a ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma. Araha ba ta ado. Maganaɗisun tsohuwar sifika da ka ga na ɗaure da igiya ina ja a kan sabuwar shimfiɗa, kana yi mini dariya, daga ranar ya samo asali.

Yanzu ga goɗiyarka.

Duƙushi yana faɗowa ne sharkaf, jikinsa duk yauƙi. Ka jiƙa hannunka ka tsoma a buhun dusa ka ciro, ka ga yadda zai fito. Haka za ta manne masa a hanci a daidai lokacin da yake jan numfashinsa na farko, ta shiga ido, ta liƙe a cibiya. Cibiyar nan ɗanya ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jini. Dusar katako mai laima gida ce ga ƙwayoyin cuta, musamman wadda likitoci ke kira kilebsiyela. In suka shiga ta nan, ranar ba za ka ga komai ba. Sai bayan kwanaki ka ga gwiwa ta kumbura, ɗan ya daina bin nono, ya kwanta. Ita ma uwar, tana kwanciya tana tashi tana naƙuda, garin yana manne mata a gaba yana bin hanyar haihuwa. Tattaka ba ta yin haka. Dogayen karare ne, ba sa liƙewa, ruwan haihuwa yana zirarewa ƙasa ya bar saman a bushe, kuma ɗan yana samun abin da zai kafa ƙafa in ya fara tangaɗin miƙewa. Lissafin da ake bi shi ne awa 1 ya tsaya, awa 2 ya kama nono ya sha dakashi, awa 3 mabiyiya ta faɗo. In ta faɗo za mu shimfiɗa ta mu duba ko wani yanki ya rage a ciki, kuma ba ka iya duba mabiyiyar da ta yi birgima a gari.

Matsalar tattaka ɗaya ce: ba a noma ta a Ikoyi. Ta alkama ta fi, irin ta Kadawa da Haɗeja, ana samunta bayan girbin rani, wajen Maris zuwa Afrilu, sai dai ka ja kunnen mai kawowa cewa doguwa kake so, ba wadda injin sussuka ya mayar ƙaiƙayi ba. In babu, ta shinkafa ma ta yi, wadda aka tara bayan girbin damina ta bushe a hunturu. Ɓuntu ba ya cikin lissafi, tsini gare shi, yana shiga ido. Harawa kuma abinci ce, in ka shimfiɗa mata za ta cinye gadonta. Ko tattakar ma takan ci in ta rasa abin taunawa, kuma ta shinkafa in ta yi yawa tana cushe ciki, don haka ciyawarta da ruwanta kada su yanke.

Goɗiya tana ɗaukar ciki wajen kwana 340, wata 11 kenan da 'yan kwanaki. Ranar da aka yi barbara ya kamata ka fara tunanin shimfiɗa, tun ran gini ran zane. Motocin da ke sauke dabbobi da harawa a Agege su ne hanyarmu. Ka yi magana da direba tun da wuri, kada ka bari sai gab da Babbar Sallah lokacin da raguna suka cinye kowane lungu na mota. Ka tabbatar an rufe da tamfol. In ta iso, dami ba a duba shi ta waje. Ka farke tsakiya ka sansana. Ƙamshin rumbu muke so. In ka ji warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ko ka ga baƙin ɗigo-ɗigo da farar ƙura tana tashi, ta yi fumfuna, ko kyauta ba na so. Wadda ta tsallake kuma a ɗora ta a kan katako, kada ta taɓa ƙasa ko bango.

Saura sati 4 zuwa 6 ta haihu za mu mayar da ita ɗakin haihuwa, don jikinta ya saba da ƙwayoyin wurin, kariyar ta gangara cikin dakashi. Ɗakin ƙarshe za mu ba ta, shi ne ya kai mita 4 kowace kusurwa. A wanke, a zuba magani, a bar shi ya bushe sarai. Kaurin tattaka ya kai kamu ɗaya da rabi, a tara ta tudu a jikin bango. Da yake damina ce zan yarda ka sa sassaƙe siriri a can ƙasa ya sha fitsari, amma kada in ga ko ɗaya ya leƙo sama. In ka gama ka saki gwiwoyinka a tsakiyar ɗakin. In ka ji siminti, ka ƙara tattaka. Kullum da safe kuma ka durƙusa ka kai hancinka inda ɗan zai ajiye nasa, don zarni a ƙasa yake taruwa, kai da kake tsaye ba ka jinsa. Cibiya da maganin da likita ya haɗa za a tsoma ta, ba toka, ba man shanu. In ta bushe, bayan sati ɗaya ko biyu, sai su koma kan sassaƙe kamar kowa.

Buhunan dusar da ka riga ka karɓo, kai wa mai kajin bayan layi in yana so. Gobe bayan asuba ka shirya, tare za mu je Agege, kai za ka farke damin, ni ina tsaye.