Muryar da Kawu ya turo kan maganar Najeriya da Falasɗinu (na rubuto wa masu ƙarancin data)

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. To, ɗan nan, na ji tambayarka tun jiya, wai me ya sa Afirka ta Kudu ta maka Isra'ila a kotun duniya amma Najeriya ta yi shiru. Na san abin da kake nufi ai, so kake ka ce don Tinubu ne. A'a. Ka bar wannan. Abin ya girmi Tinubu.

Da farko ma ba shiru aka yi ba, an yi magana. Ma'aikatar harkokin waje ta fitar da sanarwa a tsagaita wuta a Gaza, shi kansa Tinubu ya je taron Riyad na ƙasashen Larabawa da Musulmi a watan Nuwamban 2024 ya ce a kafa ƙasa biyu, Isra'ila da Falasɗinu. Magana kam muna da ita, ba a fi mu ba. Tun 1988 muka amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa, ofishin jakadancinsu yana nan Abuja. Na Isra'ila ma yana nan Abuja. Ka ga ke nan.

Amma ni ba na auna gwamnati da sanarwa, da ƙuri'a nake auna ta. Kuma ga wadda har gobe take ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar 30 ga Disamban 2014, ku yara ne lokacin, Jodan ta kai ƙuduri Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a sa wa Isra'ila wa'adin janyewa daga yankunan da ta mamaye. Ƙuri'a 9 ake nema. Aka samu 8. Takwas fa! Rasha ta ba da, Sin ta ba da, Faransa, Faransar da kuke zagi kullum, ta ba da. Chadi maƙwabciyarmu ta ɗaga hannu. Saura ɗaya. Kowa ya sakankance Najeriya ce ta taran. Da aka zo, sai muka ƙaurace. Mu da Ruwanda da Ingila da Koriya ta Kudu da... wata ƙasa ta Turai, Lituweniya. Washegari Netanyahu ya fito ya gode wa Najeriya da Ruwanda, ya ce ya yi waya da Jonathan da Kagame na Ruwanda. Ni a rediyo na ji, ina shan koko, wallahi ajiye kofin na yi.

Ranar nan a majalisarmu ta bakin kasuwa wani abokina ya ce mini, ai ko Najeriya ta ba da ƙuri'ar, Amurka za ta hau kujerar na-ƙi. Haka ne, ban musa ba. To amma a bar ta ta hau mana! A bar ta ta hau duniya ta gani. Abin da muka yi shi ne muka sauke wa Amurka nauyin, ba ta ma buƙaci kujerar ba, tun da ƙuri'u ba su cika ba. Mun yi mata wanki mun yi mata guga. Shekara goma da ɗoriya ke nan muna wannan musu da mutumin nan, ko a wurin ɗaurin auren 'yarsa sai da muka taɓa, har amarya ta... to, bar wannan.

Ina nake? Eh, masu cewa wai don addinin shugaba ne. Ka ji abin mamaki. Wanda ya yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, bayan yaƙin Oktoba, Gowon ne, Kirista, lokacin shi ke shugabantar ƙungiyar haɗin kan Afirka. Wanda ya maido da hulɗar a 1992 kuwa Babangida ne, Musulmi ɗan Minna. To ka gaya mini ina addini a nan? Kodayake, bari in gyara, ban ce babu ruwan addini gaba ɗaya ba. Akwai. Jonathan ya je ziyarar ibada Isra'ila a 2013 yana kan mulki, kuma gwamnati tana da hukumar masu ziyarar Kirista kamar yadda take da hukumar alhazai. Duk shugaban da ya kori jakadan Isra'ila yau, gobe rabin ƙasa za su ce ya toshe musu hanyar Urushalima. Wanda ya rungume ta kuma, Kano da Sakkwato da Zariya ba za su yafe ba. Tun zamanin Sardauna haka take, shi ya ƙi tallafin Isra'ila a Arewa, su Yamma da Gabas suna karɓa. Saboda haka kowace gwamnati ta zo sai ta tsaya tsakiya, ta rubuta takarda mai daɗi, ta naɗe hannu.

Su Afirka ta Kudu ba su da wannan ciwon kan. Jam'iyyarsu ta ANC da Falasɗinawa tun zamanin wariyar launin fata suke tare, shi ya sa ranar 29 ga Disamban 2023 suka shigar da ƙara a kotun duniya da ke Heg ba tare da tsoron wani yanki zai ɓalle musu ba. Kai, ko Nijar ma ta yanke hulɗa a 2002 lokacin Tandja. Chadi kuwa, wadda na yaba ɗazu, ita ma Idris Deby ya maido da hulɗa a 2019, Netanyahu har Injamena ya je. Ka ga kowa da lissafinsa. Amma dai a 2014 sun ɗaga hannu, mu ba mu ɗaga ba, wannan ba zan...

Ana kiran salla.  Sai an jima.