Me ya sa ramin ruwan wanka ya daina shan ruwa?

Tambaya: Shekara huɗu ke nan da muka haƙa rami a bayan gida don ruwan wanka da na wanke-wanke, muka cika shi da duwatsu. Da farko ko kwana ruwa ba ya yi a ciki, amma yanzu ya tumbatsa har yana malalowa kan hanya, alhali ƙasarmu rairayi ce. Shin ƙasar ce ta ƙoshi? Daga wani magidanci a unguwar Talladje, Yamai.

Amsa: Malam, ƙasarka ba ta ƙoshi ba, ƙofofinta ne aka liƙe, kuma masu liƙewar rayayyu ne. Ruwan da ke fita daga gida yana ɗauke da maiƙo, da sabulu, da guntun tuwo da miya, waɗanda duk abinci ne ga ƙananan halittun da ido ba ya gani. Suna taruwa daidai inda ruwa ke haɗuwa da ƙasa, su hayayyafa, su riƙa fitar da wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, wanda yake cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi. Idan aka kwashe ramin, za ka ga baƙin shafe mai santsi da warin ruɓaɓɓen ƙwai a gindinsa da bangonsa, kaurinsa sau da yawa bai wuce santimita 1 ko 2 ba, kuma in ka kankare shi da cebur za ka tarar da rairayi mai tsabta a bayansa. Baƙin nan yana fitowa ne daga haɗuwar sinadarin ƙarfe da na farar wuta a wurin da babu iska.

Sai dai kada a ɗauke shi abokin gaba ɗungurungum. Idan bai yi kauri ba, shi ne ke rage wa ruwa gudu, ya tace ƙwayoyin cuta kafin su gangara zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa, abin da ke da muhimmanci a unguwannin da ke kusa da kogin Kwara, kamar Saga, inda ruwa ba shi da nisa.

Maganinsa iska ce. Muddin ramin yana cike dare da rana, shafen ƙaruwa zai yi. Idan kuwa ya bushe, wasu halittun masu buƙatar iska suna cinye shi, ya tsattsage. Da wannan dabara ake aiki a Shafdan, kusa da Tel Abib a Isra'ila, inda tun 1977 ake malala ruwan birni da aka riga aka tace a filayen rairayi, ana cika fili sannan a bar shi ya sha iska, lokaci zuwa lokaci kuma a yi masa huɗa.

Saboda haka shawarata ita ce ka haƙa rami na biyu, ka riƙa juya bututu tsakaninsu, kowanne ya samu hutun watanni, musamman a bazara, lokacin da zafin Afrilu da Mayu zai yi maka aikin kyauta. Ka kuma gina ɗan akwatin siminti kafin ramin, inda maiƙo zai taso sama, dauɗa ta kwanta, a riƙa kwashewa duk mako. Masu zuba asid ko baƙin man mota ɓarnar kuɗi kawai suke yi, ga gurɓata ruwan maƙwabta. Sabon ramin ya kasance aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kuma a gama haƙa shi kafin ruwan Yuni ya sauka.