Faɗaɗa Tayoyin Mazda MX-5

Tambaya: Malam, ina da Mazda MX-5 ƙirar 1990, kuma ina so in sa mata faffaɗan rim da tayoyi. Shin hakan zai cutar da ita?

Amsa: Ba zai cutar da ita ba muddin ka kiyaye ma'auni. Motarka ta fito da taya 185/60R14, saboda haka rim mai inci 15 da taya 195/50R15 ne suka fi dacewa, domin tsayin tsohuwar tayar da na sabuwar kusan ɗaya ne, agogon gudu ba zai ruɗe ka ba. Ka tabbata rim ɗin mai huda huɗu ne, ma'aunin 4x100 (wato huda huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100), kuma ba shi da nauyi, domin nauyi yana rage wa ƙaramin inji kuzari. Bayan ɗaurawa, ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka duba ko taya tana gogar jikin motar.