Amsar Kawu a kan tsofaffin finafinan da ba a sani ba

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ɗana, na ga tambayarka tun ɗazu. Ka ce mu manya kullum muna cika baki da finafinan da, amma in aka matsa mana ba ma wuce Sholay da Bruce Lee. Ka ce in akwai wani tsohon fim da mutane ba su sani ba, wanda ya isa mutum ya ƙona datarsa a kansa, a faɗa maka. To, yatsuna ba za su iya wannan rubutun ba, shi ya sa na danna murya. Za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Bari in fara da Sholay ɗin da ka raina, don ta nan hanyar ta bi. Fim ne na 1975, Ramesh Sippy ya ba da umarni. Kowa ya san labarin, tsohon ɗan sanda ya ɗauko ɓarayi biyu su kamo masa Gabbar Singh. Ni a wajena Amjad Khan, wato bos ɗin, shi ya riƙe fim ɗin, ba Amitabh ba, ba Dharmendra ba, duk da mu nan Sarkin Ƙarfi muke ce masa. Amma abin da yawancin masu son Sholay ba sa so a faɗa shi ne, ƙashin bayan labarin aro ne. Ƙauye na fama da 'yan fashi, a ɗauko mayaƙa daga waje su kare shi, wannan Kurosawa na Japan ya yi shi tun 1954 a Seven Samurai. Amurkawa suka ɗauka suka mai da shi na kaboyi a 1960, The Magnificent Seven. Wurin da Gabbar ya karkashe iyalin Thakur, wato tsohon ɗan sandan, kuma, je ka kalli Once Upon a Time in the West na Sergio Leone, 1968, za ka ga inda aka samo shi. Shi ma Leone ɗin ai ba tsarkakakke ba ne. A Fistful of Dollars da ya yi a 1964, Yojimbo na Kurosawa ya kwashe, har sai da kamfanin Japan ɗin ya kai ƙara aka biya su.

Ka riƙe wannan, don duk ranar da aka fara zagin 'yan fim ɗin Hausa a nan gidan, maganar ɗaya ce, wai kwaikwayon Indiya suke yi. To su waye ba sa yi?

Yanzu ga amsarka. Fim na farko da zan ce ka nema, ba a Indiya aka yi shi ba, ba a Amurka ba. Nan maƙwabta aka yi shi, a Nijar, a 1966. Sunansa da Faransanci Le Retour d'un aventurier. Wanda ya yi shi Moustapha Alassane. Bai fi minti talatin da 'yan kai ba, don haka batun data bai taso ba.

Labarin wani saurayi ne da ya je Amurka ya dawo ƙauyensu da akwati. Abokansa suka taru karɓar tsaraba. Da aka buɗe akwati sai ga kayan kaboyi, malafa, takalma, bindigogi, har da wandunan. Ya raba musu. Daga ranar kowa ya ajiye sunan da ubansa ya yanka masa rago, wannan ya koma Black Cooper, wancan James Kelly, budurwar cikinsu ta koma Reine Christine. Suka samu dawakai, suka fara yin abin da suka gani a silima. Da farko dariya za ka yi ta yi, wallahi, don ga baƙaƙen samari a tsakiyar dajinmu, ga bukkoki, ga awaki, su kuma suna tafiya suna buɗa ƙafafu kamar 'yan Texas. Sai kuma dariyar ta fara ɗaukewa. Don shi kaboyi a fim ai ba ya noma, ba ya kiwo, faɗa da harbi ne sana'arsa. Su ma sai suka shiga sata, suka shiga dukan mutane, suka daina ganin girman dattawan gari, har abin ya kai ga zubar da jini a tsakaninsu.

Ka lura da wayon mutumin nan. Bai tsaya a gefe yana wa'azi a kan illar finafinan Turawa ba. Shi kansa kana gani ka san yana son fim ɗin kaboyi, ya iya ɗaukar doki a guje, ya iya sa maka irin kallon-kallon nan kafin a zaro bindiga. Ya ari rigar, ya sa ta, kuma da ita ya nuna maka yadda ba ta zauna a jikinmu ba. Wanda ya taso a Kano zamanin gidajen silima na Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba ya san waɗannan yaran, ya zauna da su a benci ɗaya. In an tashi daga fim ɗin Chanis, kafin a kai gida an yi karate a kwararo, wani ya koma da kumburarren ido. A yau ma in ka cire malafar ka sa wa yaron waya a hannu, labarin bai canza ba. Ni ban ga wani fim ɗin Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa yau, da ya kama wannan maganar ta kwaikwayo ya murɗe ta haka ba. In akwai, a tuna min.

Kada ka je da tsammanin hoto garau. Da ƙaramar kyamara aka ɗauka, 'yan wasan ba ƙwararru ba ne, akwai wuraren da sautin ke rawa. Wanda idonsa ya saba da Netflix zai ce wannan wane irin abu ne. Ka daure minti biyar na farko.

Shi Alassane ɗin kansa labari ne. Bakanike ne tun asali, ya koyi harkar fim a Yamai a wajen Bafaranshen nan Jean Rouch, ya je Kanada ya koyi zanen katun. A wannan shekarar ta 1966 ya fitar da wani ɗan gajeren katun, Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da jiniya da faretin girmamawa. Ka duba lokacin, ƙasashenmu ba su daɗe da samun 'yanci ba, shugabanni na ji da kansu, shi kuma ya zana su a kwaɗi. A Tawa ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 2015. Yarinyar da ta fito a Reine Christine kuma, Zalika Souley, ita ce ta zama babbar jarumar Nijar, kuma ta sha baƙar wahala a wajen jama'a, saboda mutane ba sa raba abin da ta fito a fim da halinta na gida. Rahmatou Keïta ta yi fim sukutum a kan rayuwarta. Duk 'yar fim ɗin Kano da ta kalle shi za ta ce da ita ake.

Na biyu, Oumarou Ganda. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke gidan nan sun san sunan, ko don cibiyar al'adu da ke Yamai mai sunansa, amma ina tantama in matasansu sun zauna sun kalli aikinsa. Bazabarme ne, an haife shi a 1935. Yana matashi ya shiga sojan Faransa aka kai shi yaƙin Indocina, wato yankin Biyetnam. Ya dawo ba aiki, ya gangara Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can Jean Rouch ya same shi ya sa shi a Moi, un noir na 1958. Daga baya ya ɗauki kyamara da kansa ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969. Tsohon soja ne ya dawo da kuɗin sallama, abokai da mata da maroƙa suka yi masa caa, da kuɗin suka ƙare kowa ya kama gabansa. Shi ya fito a jarumin, kuma kana kallo ka san ba labarin wani yake ba ka ba.

Amma wanda na fi so nasa shi ne Le Wazzou polygame. Wani attajiri ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata a gida, sai ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari. Kuɗi suka yi aikinsu, iyaye suka juya baya. Kishi ya tashi a cikin gida, abin ya ƙare da gawa. Zalika ce kishiyar. Wannan fim shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, wato bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita. Ka ji fa, na farko a duk Afirka, ɗan Nijar. Za ka ce ai wannan labarin an yi shi sau ɗari a Kano. E, an yi. Bambancin shi ne Ganda bai sa waƙa ya lallashe ka ba, kuma bai kawo wani malami a ƙarshe ya sasanta kowa ba. Ya bar ka da abin a ƙirji. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, bai ko kai hamsin ba.

Na gida kuma, Shaihu Umar. Wannan kowa ya ji sunansa saboda littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka karanta a makaranta, amma waɗanda suka ga fim ɗin ba su da yawa. Adamu Halilu ya yi shi a 1976, da Hausa tsantsa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, Jamusawa suka taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin Barlin a 2018. Zan faɗi gaskiyata ko da wasu za su ji haushi: fim ɗin yana da nauyin ƙafa. Ya haura awa biyu, kuma akwai wuraren da za ka ji kamar wasan daɓe aka ajiye wa kyamara. Amma ka kalle shi don suturar, don Hausar da ake yi a ciki wadda ba sirki, don ayarin raƙuma a cikin rairayi. Kuma ka kalle shi don uwar. Kowa Umar yake tunawa, ni kuwa matar nan da ta bar gida tana bin sawun ɗanta da aka sace, har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ita ce fim ɗin. Ba kasafai muke son tuna cewa mu ma mun sayar da mutane ta Sahara ba. Ɓalewa ya rubuta, Halilu ya nuna.

Akwai wanda ke ba ni haushi duk lokacin da na tuna, Sarraounia na 1986. Labarinmu ne, Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, mutanen da suka yi ɓarnar nan a Birnin Ƙonni. Abdoulaye Mamani ɗan Nijar ya rubuta littafin. Amma wanda ya yi fim ɗin Med Hondo ne ɗan Muritaniya, a Burkina Faso aka ɗauke shi zamanin Sankara, jarumar ma Aï Keïta daga can take. Ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Fim ne mai kyau, musamman yadda ya nuna Turawan nan suna haukacewa a hankali har sojojinsu suka juya musu. Sai dai rabin fim ɗin nasu ne, Sarauniyar takan ɓace maka na dogon lokaci. Mu da muke da harshen da ƙasar da jikokin mutanen, muna nan muna ta kishiya da gado.

Sauran in taɓa su sama-sama. Mandabi na Sembène Ousmane ɗan Sanigal, 1968: an aiko wa dattijo kuɗi daga Faris ta gidan waya, ba shi da katin shaida, ya shiga zagayen ofisoshi, kafin ya ga ko sisi unguwa ta gama cin bashi a kansa. Duk wanda ya taɓa bin layin gyaran BVN zai ji shi a jikinsa. Touki Bouki na 1973, masana suna ta yabonsa, ni dai bai kama ni ba, na ga gwaninta amma ban damu da mutanen ciki ba, wanda ya ji daɗinsa ya zo ya fahimtar da ni. Su The Message da Lion of the Desert na Moustapha Akkad ban sa su a lissafi ba, don ba gidan da bai ga Umar Mukhtar ba.

In za ka nema, ɗana, ka rubuta sunayen da Faransanci yadda na faɗe su, haɗe da sunan mai fim ɗin, ɗaya daga cikin yaran nan ya taimaka ya rubuto su a ƙasa. Na Ganda da Zabarmanci ake magana a ciki, fassarar da ke ƙasa kuma galibi Faransanci ce, don haka ka jawo ɗaya daga cikin 'yan Maraɗin nan namu ku kalla tare. Ka fara da na kaboyin. In ka gama ka dawo ka gaya min ko Sholay kaɗai muka sani. An kira magariba, sai an jima.