Hukuncin Juye Shara a Kwata Idan Ruwan Sama Ya Sauko

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan miya a kasuwar Mile 12 ta Legas, ina zaune a gidan haya a Agege. Motar kwashe shara takan yi makonni ba ta leƙo layinmu ba, alhali muna biyan kuɗin wata. Da an fara ruwa sai mutanen gida su fito da buhunan shara su juye a kwata, wani lokaci kuma mu ba mai kura ya tafi da ita. Wani ya ce mini zunubi ne. Shin da laifi a kanmu, tunda ba da son ranmu muke yi ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya. Juye shara a kwata haramun ne, ko ana ruwa ko ba a yi, domin cutar da mutane ne.

Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, malamai kuma suka gina babbar ƙa'ida a kansa. Sai mu duba ina sharar take tafiya. Legas gari ne na ƙasa-ƙasa, ruwa ya kewaye shi. Kwatar layinku tana zuba ne a babbar magudana, ita kuma ta gangara tafkin Legas da teku. Ganye da ruɓaɓɓen tumatir sa narke, amma ledar fiya-wata da gorar roba ba sa narkewa. Suna tafiya har su sami wurin da kwalbati ya matse su tsaya, yashi ya taru a bayansu. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Yuni ko Yuli, ruwan ya rasa hanya, sai ya koma ɗakunan waɗanda ke gangare. Katifar wani ta jiƙe, buhun shinkafar wata mai tireda ya lalace, ruwan ƙazanta ya shiga rijiyar da ake alwala da ita. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a jihar nan a watan Yunin 2024 ba, kuma gurɓataccen ruwa ne hanyarta. Ruwa bai tafi da shararka ba, ya kai ta ne ƙofar maƙwabcin da ba ka san fuskarsa ba.

Hadisai sun yi magana kai tsaye a kan irin wannan. Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa a kiyayi abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da ake hutawa. Dalilin hanin shi ne ɓata wa jama'a abin da suke tarayya a cikinsa, kuma ƙunzugun yara da ake jefawa a magudana ya shiga ciki ba tare da wani tawili ba. Muslim kuma ya ruwaito cewa ba zai shiga Aljanna ba wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. Har ma Imam Malik ya ce wanda ya aikata abin da bai halatta ba a kan hanyar Musulmi, kamar haƙa rijiya, to abin da ya salwanta saboda haka yana wuyansa. Don haka idan aka tabbatar sharar gidanku ce ta toshe hanyar ruwa har dukiyar wani ta lalace, istigfari kaɗai bai wadatar ba, akwai haƙƙin biya ko neman yafiya.

Uzurinka na rashin zuwan mota na ji shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum ya kwana da wari a ƙofar ɗakinsa. Wanda ya karɓi kuɗi bai yi aiki ba ya ci haram. Amma ƙa'ida ita ce ba a gusar da cuta da wata cuta irinta, balle wadda ta fi ta. Ku haɗu da mai gida da shugabannin unguwa ku kai ƙara hukumar shara ta jihar Legas, LAWMA, wadda ke kula da kamfanonin kwashe shara, ku riƙe rasidinku. Kafin nan ku rage abin da ke taruwa. Gorar roba da gwangwani da ƙarfe 'yan jari-bola suna saye. Ragowar ganye da kayan gwari, kai ka fi ni sanin masu dabbobi suna so. Abin da ya saura a ɗaure shi a buhu, a ajiye inda ruwa ba zai ja shi ba.

Mai kura fa? Da yawansu 'yan'uwanmu ne da suka baro gida neman halak, ba na son a wulaƙanta su. Sai dai gwamnatin jiha ta hana wannan aiki, kuma bin hukuma a abin da ke da maslaha wajibi ne. Idan kuma ka sani, ko zatonka ya rinjaya, cewa a magudana ko gefen titi zai zubar, to kai da shi kun yi tarayya a laifin, saboda faɗin Allah a Suratul Ma'ida: kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Haka hukuncin yake game da farar robar zuba abinci da gwamnatin jiha ta hana tun Janairun 2024: kada ka saya, kada ka sayar.

Sharar safiyar Alhamis da ake yi a kasuwa kafin a buɗe rumfuna, ka yi ta da niyyar kawar da ƙazanta daga hanya, wanda hadisin Muslim ya lissafa cikin rassan imani. Kuma ina roƙon limaman Agege da Idi-Araba da Mile 12 su ɗauki wannan batu a huɗuba kafin damina ta kankama, don da yawan masu yi ba su san laifi ba ne.

Wallahu a'alam.