Sai da gezna ake fita tsaf a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ban daɗe da fara aiki a wani ofis a Kano ba, albashina kuma bai taka kara ya karya ba. Abokan aikina kullum cikin manyan shaddoji suke, har na fara jin kunyar kayana. Yaya zan yi in riƙa fita tsaf ba tare da na ci bashi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kwantar da hankalinka. Na shafe shekaru ina yanka ina ɗinki, kuma na ga cewa abin da ido yake fara kamawa a jikin mutum shi ne zaman kayan. Farashin yadi sai wanda ya san harkar yake ganewa, shi ma sai ya matso ya taɓa.

Geznar da kake gani daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya take fitowa, wanda ya kafu tun 1818. Auduga ce mai kyau, saƙarta ta yi, shi ya sa take jure wanki. Amma idan tela ya ɓata mata kafaɗa, kuɗin sun tafi a banza. Saboda haka ka fara da tela. Ka tsaya ya auna ka da kansa, kada ka aika masa tsohuwar riga ya kwaikwaya. Ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗarka, hannun riga ya tsaya a wuyan hannu, ƙafar wando ta taɓa takalmi ba ta share ƙasa ba. Ni abin da ya fi damuna da ɗinkin samarin yanzu shi ne matsewa. Kaftani yana son iska ta ratsa shi, balle a bazara da zafi yake kaiwa digiri 40, ga shi za ka durƙusa ka yi sallah a cikinsa.

Idan ka shiga Kantin Kwari, ka nemi yadin auduga marar nauyi. Yadi 4 zuwa 5 ya ishi kaftani da wando. Ka ɗauki launuka masu sanyi: ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu. Fari ka bar wa Juma'a, domin ƙurar hunturu ba ta raga masa. Kala 4 masu kyawun ɗinki sun fi 10 da aka yi musu ɗinkin gaggawa, surfani kuma kaɗan a wuya ya wadatar.

Sai kulawa, wadda a nan yawancin mutane suke faɗuwa. Kada ka jiƙa shadda a omo ta kwana. Ka wanke ta da sabulu, ka juya ta bai-bai, ka shanya a inuwa. In ƙyallinta ya ja baya, ka kai wa masu bugu. Je ka marinar Ƙofar Mata, wadda take aiki tun 1498, ka ga yadda suke ninke riga a kan gungumen itace, su biyu suna sauke mata tabarya ɗaya bayan ɗaya har ta fito sumul tana ɗaukar ido. Dutsen guga ba ya ba da irin wannan ƙyallin.

Hula kuwa kada ka yi mata rowa. Zanna bukar guda 2 masu aikin hannu, waɗanda zarensu ya shiga da yawancin kayanka, sun ishe ka farawa. Kada ka wanke su a gida. Masu wankin hula za su wanke, su sa sitaci, su ɗora a kan ma'auni mai siffar kai ta bushe a tsaye, karinta ya fito.

Kafin ka fita da safe, ka goge takalminka, ka rataye rigar a kan kaskon turaren wuta na ɗan lokaci, nesa kaɗan da garwashi don kada ta ƙone.